Bashin Kallo

Ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji wannan karin magana, galibi ma a lokacin da ake yi masa faɗa. Manufarta a fili take: maƙaryaci zai yi tashe na ɗan lokaci, daga baya asirinsa ya tonu. Amma mu masu karatun harshe an koya mana mu riƙa kwance magana mu ga da me aka gina ta. In ka kwance wannan, za ka tarar hukuncin bai tsaya kan ƙarya kaɗai ba, ya shafi fure. An ɗauke shi an sa a sahun abin da ke ruɗin ido, an ɗauki ƴaƴa an sa a sahun gaskiya. Wato a ma'aunin kakanninmu fure alkawari ne, in bai cika da ɗa ba ya zama yaudara.

To ga tambayar da nake so mu tauna tare, ƴan uwa ɗalibai. Furen da ba a miya da shi, ba a magani, ba a kai shi kasuwa, yana da haƙƙi a cikin ruwanmu? Mutumin da ya tsaya yana kallonsa yana jin daɗi fa, wani nauyi ya hau kansa, ko kuwa kallo kyauta ne? Ni dai amsata ita ce kallo bashi ne. Ta hanya biyu zan bi in nuna haka: ta bayan ɗakin gwaggona a nan Madarunfa, da ta birnin Katsina, inda na taɓa zuwa yawon buɗe ido.

Abin da harshe ya ajiye

Mu fara da kalmomi, tunda su ne sana'ata. A Hausar littafi "fure" ake rubutawa, a bakinmu nan "hure" ya fi fita. In itace ya fara fitar da shi sai a ce ya yi huda. Gero kuma bununi yake yi. Ku lura, duk waɗannan kalmomin manomi ne mai lissafi. Ya ga huda a mangwaro, ya san saura wata nawa a sha. Ya ga bununi, ya san wahalar damina ta kusa biya. Zogale kuwa, wanda ya bi ta garkokin Jiratawa ya san ganyensa ake so, furensa ma in an samu ci ake yi. Soɓon da muke jiƙawa mu sha, kwanson da ke riƙe da furen yakuwa ne. Bado yana buɗewa fari tas a kan ruwa, amma abin da tsofaffi suka fi tunawa game da shi shi ne ya riƙe mutane a shekarun yunwa. Kai, ko kalmar "fure" ita kaɗai, in kakarka ta aike ka ka sayo mata, furen taba take nufi, wanda mata ke gogawa a haƙori tare da goro ya yi ja.

Furen da ake shukawa don kallo kawai, shi sai da aka aro masa suna. A hayin Najeriya "fulawa" suke cewa, daga Ingilishi. Abin dariya, da wannan kalma ɗin dai suke kiran garin alkama na burodi, saboda a Ingilishi furucin kalmomin biyu ɗaya ne. Sai ka ce harshen ya rantse ba za a ambaci fure ba sai an tuna da ciki. Su kansu shuke-shuken adon yawancinsu baƙi ne. Bugambiliyar da ke rarrafe a katangun ma'aikatu daga Amurka ta Kudu ta fito, kuma sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe na ƙarni na 18, Bougainville, aka laƙaba mata. Dogon yaro, wanda ƙamshin hudarsa ke cika gari da bazara, daga Indiya aka kawo shi.

Wani masanin al'adu ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi a 1993 a kan matsayin furanni a al'adun duniya. A ciki ya yi mamakin yadda fure ba shi da babban gurbi a bukukuwa da ibadu da adon mutanen Afirka ta kudu da Sahara, in aka kwatanta da Indiya ko Sin. Ya danganta abin da rarar dukiya: inda aka sami masu hali da ke iya ware ƙasa da ruwa da ma'aikata don abin da ba a ci, nan al'adar fure ke kafuwa. Akwai gaskiya a maganarsa, amma ina ganin da ya leƙa ɗakin amarya a ƙasar Hausa da ya ƙara wani babi. Kwallayen da ake jerawa har rufi, me aka zana a murfinsu? Atamfar da muke rububi da salla fa? Lallen da ake yi wa amarya a hannu yanzu, rabinsa furanni ne. Ashe ido yana so. Abin da muka ƙi shi ne ɗawainiyar mai rai. Mun fi son furen da ba ya shan ruwa.

Kuma muna da namu na gida. Akwai kariya, gajeriyar bishiya mai kumburarren gindi, wadda ke zubar da ganye da rani sannan ta fito da furanni jajaye masu haske a kan rassa tsirara, daidai lokacin da komai ya bushe. Ruwan jikinta dafi ne, ko akuya ba ta kula ta. Tsakanin sunanta da "ƙarya" tazarar kaɗan ce, kusan ƙugiyar da ke kan ƙ ce kawai, kuma duk sanda na ji karin maganar nan sai ita ta faɗo mini. Wannan shuka ta Sahel, yau a Tailan da Taiwan ana renonta cikin tukwane, ana fitar da launuka iri-iri, ana sayar wa duniya. Mu kuwa yaro zai wuce ta bai san sunanta ba.

Ƙorafin mai jarka

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan raina shi ba. Za ku ce wannan maganar ƙoshi ce. Yarinyar da ta tashi da asuba ta bi layin famfo da jarka biyu, kina so ta zuba wa hure? A ƙauyukan kudancinmu, wajen Gabi da bakin dajin Baban Rafi, mutane na kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka shigo jihar Maraɗi. Ɗalibi yana jiran kuɗin tallafi wata da watanni. A cikin wannan hali wa ke da lokacin hure?

Ƙorafin yana da ƙarfi. Hanya mai sauƙi ta amsa shi ita ce a ce ai fure ma yana da amfani: ba fure ba kuɓewa, ba wake, ba kabewa, kuma ƙudan zuma da ke yawo tsakanin furanni su ne ke sa amfanin garka ya yi albarka. Gaskiya ne, amma wannan amsa ta miƙa wuya tun kafin a fara kokawa. Ta yarda cewa sai abu ya biya ciki yake da izinin rayuwa, tana dai roƙon a sa fure cikin masu biya. Kariya fa, da ba ta biyan kowa? Ita nake so a yi wa shari'a.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ba ta taɓa shiga lakwal ba, kuma ba mai hali ba ce. A bayan ɗakinta akwai gwangwanayen tumatir da wata fasasshiyar tukunya, a ciki ta shuka kariya ɗaya, da lalle, da wata ƴar shuka mai rarrafe da ba ta san sunanta ba, ta sa mata "mai tashi da hantsi", don sai rana ta ɗaga take buɗewa, kafin la'asar ta rufe. Ko kofi ɗaya ba ta taɓa ɗiba daga randa don su ba. A kansu take alwala. Ruwan ɗaurayar kwano, in ba sabulu a ciki, nan yake zuwa. Wata rana na tambaye ta, na ce, "Gwaggo, wannan me ake yi da shi?" Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ke me ake yi da ke? Ai ba miya nake da ke ba, kuma ban fasa dama miki hura ba."

Abu biyu na ɗauka daga nan. Na farko, ruwan da furen Gwaggo ke sha ruwa ne da ya riga ya gama aikinsa, wanda da ƙasa zai bi. Bai ƙwaci rabon kowa ba. Na biyu, mai jarka da mai hure sau da yawa mutum ɗaya ne. Waɗanda suka fi sanin tsadar ruwa su ne na ga sun fi iya raba shi.

Inda ƙorafin ya dace shi ne wani wuri dabam. A Yamai, inda nake karatu, akwai unguwannin da za ka wuce da tsakar rani ka ji ƙarar tiyo a bayan doguwar katanga, ruwa na malala ta ƙarƙashin ƙofa, ana shayar da ciyawar da ba dabbar da za ta ci, ba idon da zai gani sai na mai gida da mai gadi. Can gaba kaɗan kuma ga ƴan garuwa na tura kura. Wannan abin kunya ne, amma ku duba da kyau ku ga inda laifin yake. Katangar ce da tiyon. An kwashe ruwan jama'a an mayar da shi kyan da aka kulle. Furen Gwaggo kuwa duk wanda ya shigo gaisuwa ya gan shi, kuma duk wadda ta ce tana so sai ta karya mata reshe.

Kwana uku a Katsina

Irin hidimar da Gwaggo ke yi wa gwangwanayenta na sake gani a kan wani abu da ya fi su girma da shekaru. A dogon hutun 2022 kawuna ya tafi da ni da ƴaƴansa biyu Katsina, mu ga gari. Ta Ɗan Isa muka bi, muka tsaya a duwan, muka ratsa Jibiya. Daga Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma a wurinmu ta fi gaban tafiya. Bayan da mutanen Shehu Usmanu suka ci Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya hau, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, kuma a ƙarƙashin Ɗan Kasawa suka kafu a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Mun tashi muna jin sunayen ƙofofin birnin kamar sunayen dangin da ba mu taɓa gani ba: Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Ɗurɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura.

Mun tsaya a Ƙofar Soro, gaban fadar da ake kira Gidan Korau. Mun shiga tsohuwar Kwalejin Katsina, ginin ƙasa da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Mun yi ziyara a maƙabartar Ɗan Marina, ɗaya daga cikin manyan malaman birnin na ƙarni na 17. A rana ta biyu muka je Gobarau.

Hasumiya ce ta ƙasa, tsayinta wajen mita 15. Masu tarihi na kai asalinta zamanin Sarki Muhammadu Korau, a ƙarni na 15, ƙarnin da Shehu Magili ya ziyarci Katsina a ƙarshensa. Ana cewa a kanta ake kiran salla, daga kanta kuma ake hango mahara tun suna nesa. Yau fa? Ladan yana da lasifika. Benaye da ƙarafunan layin salula sun fi ta tsawo. In da lissafin amfani za a bi, filin da take kai ya fi ta kuɗi. A ma'aunin karin maganarmu, Gobarau ta daina ƴaƴa tun tuni, saura fure.

Wani dattijo da ke zaune a inuwa kusa da wurin ya tambaye mu, "Ƴan nan, daga ina?" Kawu ya ce daga Madarunfa, ƙasar Maraɗi. Ya ce, "Ashe gida kuka zo." Da hira ta yi nisa na ce masa, "Baba, yaya aka yi ginin ƙasa ya kai wannan shekaru?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ai ba ginin ne ya daɗe ba, masu gyara ne ba su ƙare ba. Ginin ƙasa jinjiri ne. Ki juya masa baya damina biyu ki gani."

Kuma mun gani, don a rana ta uku kawu ya ce mu nemi ganuwa. Wannan ganuwa ce Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tarar a 1851, ya yi mamakin faɗin da ta kewaye, ko da yake a lokacin mafi yawan cikin birnin ya zama fili. Abin da muka samu tuddai ne nan da can, wani wuri an gina gida a kai, wani wuri an haƙe ƙasar an yi tubali, wani wuri bola. Ba wanda ya yi shawarar a rushe ta. Ta rasa mai yaɓe ne kawai, kowa ya ɗebi kwando ɗaya, ruwa ya ƙarasa. Ƙasa ɗaya ce aka yi Gobarau da ganuwa da ita, damina ɗaya ke dukansu. Ɗaya ta sami masu dubawa, ɗaya ta sami masu wucewa.

A Gobarau ba mu wuce rabin awa ba. Mun ɗauki hotuna a salula, mun sayi ruwan sanyi, mun kama hanya. Haka yawon buɗe ido yake ko'ina a duniya. Baƙo ya zo, ya sha daɗin aikin shekara ɗari biyar cikin minti talatin, ya tafi da shi a aljihu.

Gani, kallo, dubawa

Hausa ta raba aikin ido kashi-kashi, kuma rabon yana da hikima. Gani yana zuwa ko ba ka nema ba: ka fito ka ga hadari. Hange daga nesa ne, shi ya sa aka ce hangen Dala ba shiga birni ba. Leƙe na mai sauri ne ko mai gulma. Kallo kuwa da niyya ake yinsa, don jin daɗi, kuma ɗan kallo shi ne wanda ba ruwansa: a filin kokawa, a kada wannan ko a kada wancan, shi zai koma gida da tufafinsa tsaf. Sai duba. Wannan kalma ce mai nauyi. Likita duba marar lafiya yake yi. In ɗan uwa ya kwanta, dubiya ake zuwa, kuma ba a zuwa hannu sake. Uwa za ta ce wa maƙwabciya "duba mini yaron nan in dawo", kuma ba cewa ta yi ki zuba masa ido yana faɗawa rijiya ba. A cikin "duba" ido da hannu tare suke tafiya.

Yawon buɗe ido suna ne mai kyau. Amma in ido ya buɗe, sai me? An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To wanda ya san ƙimar abu ya fita daga sahun wanda bai sani ba. Ba zai ƙara cewa ba ruwana da gaskiyarsa ba.

Ga dalilin da ya sa nake kiran abin bashi. Duk wani kyau da ya faranta maka rai a ƙasa irin tamu, inda rana ke ƙonawa, ruwa ke zaizayewa, gara ke ci, wani ne ya tsaya masa. Furen da ka gani a gwangwani, wata ce ta tuna da shi kullum har tsawon rani. Soron da ya burge ka, wani magini ne ya cuɗa ƙasa da ƙafa, ya jiƙa makuba, ya hau tsani ya gyara indararo kafin ruwan farko. Ko gawon da ke tsaye a tsakiyar gona, wani manomi ne ya ga tohonsa lokacin sassabe ya ɗauke gatari. Mu a jihar Maraɗi mun san wannan fiye da kowa, don a nan ne tun shekarun 1980 manoma suka rungumi sassaben zamani, suna barin kututture ya tofo suna renonsa, har gonakin da suka zama fako suka sake yin itatuwa. Ka ci moriyar aikin da ba ka biya ba. Masu aikin kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ba ka da hanyar mayar musu. Irin wannan bashi gaba ake biyansa, ga wanda zai zo kallo bayanka. Haka tarbiyya take, haka rijiyar da kakanni suka gina take.

In an ƙi biya, abin da ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta ana cikin salla, mutane suka rasu. A watan Satumban 2024, cikin daminar da ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, har da nan Maraɗi, tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Ruwan ya yi yawa, wannan ba musu. Amma ruwa tsaga yake bi, tsaga kuma ba rana ɗaya take buɗewa ba. Ku kwatanta da Jenne ta ƙasar Mali, inda babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yake tsaye saboda kowace shekara gari duka ke fitowa, maza na yaɓe, mata na jan ruwa, yara na kai kwaɓa. Hasumiyar Agadas mai mita 27, wadda tsohon garin da take ciki ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, itatuwan da ke fitowa a jikinta matakan masu gyara ne. Maginan farko sun san za a dawo, sai suka bar wurin taka ƙafa.

Ko damar kallon ma ba ta da tabbas. Bayan 26 ga Yulin 2023 iyaka ta rufe wata da watanni, hanyar Jibiya kuma ta daɗe ba ta da daɗin bi. Wanda ya ce sai baɗi zai je ya ga Gobarau, baɗin ta zo ta same shi a gida.

Iyakar maganar

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da ya yi kyau ya tsira. Ƙuduji yana da fure mai kyau ƙwarai, shunayya mai haske, in ya rufe gona sai ka ce an shimfiɗa zane. Amma saiwarsa a jikin saiwar gero da dawa take, jininsu yake sha, kuma manomin da ya tuge shi kafin ya zubar da iri ya yi daidai. Kyan ɗan maciji ke nan. A nan karin maganar kakanni ta yi gaskiya ɗari bisa ɗari: akwai furen da yake ƙarya. Ciyawar bayan katanga ma danginsa ce. Ma'aunin da nake bi shi ne a tambaya: wannan kyau, a jikin wa yake tsotso? In amsar ita ce ba kowa, to a bar shi ya sha. Ranar da ruwan randa ya rage kofi ɗaya kuma yaro na kuka, ba sai an yi muhawara ba, hure zai jira, kuma Gwaggo ce za ta fara faɗin haka.

Abin da nake tsoro shi ne zuciyar da ta saba shayar da abin da za ta ci kawai. Wannan lissafi ba ya tsayawa a garka. Yau kariya ce ba ta da amfani, gobe ganuwa, jibi tsohon da ya daina noma, gata harshen da ba a ɗaukar aiki da shi. Mu da muka zaɓi karatun Hausa mun sha jin tambayar: me za ki ci da shi? Tambayar da na yi wa Gwaggo ce aka juyo mini da ita. Al'ummar da ta iya renon abu don darajarsa kawai, ita ce za ta iya riƙe marayanta da mahaukatanta da tarihinta. Gwangwanin tumatir makarantar wannan hali ce, kuma kuɗin shiga ruwan alwala ne.

Ta ina za mu fara biya?

Ba sai mun tsallaka iyaka ba. Mu nan Madarunfa masu masauki ne. Muna da tafki, muna da daji, muna da kaburburan waliyyai 99 da mutane ke tasowa daga nesa su ziyarta, kuma tun 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin waɗanda take neman UNESCO ta amince da su. Mu da muke kwana kusa da su, sau nawa muka je da tsintsiya? Ledar da ke yawo a bakin tafki ba baƙi ne kaɗai suka zubar ba. Maraɗi kuma ta riga ta san zafin rashi: ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye tsohon garin da ke fadama, aka koma tudu, shi ya sa birnin da ke da tarihin fiye da shekara 200 ba shi da tsofaffin gine-gine da yawa da zai nuna. Ɗan abin da ya rage bai kamata ya tafi a hannunmu ba.

Ga abu uku da ɗalibi marar ko dala zai iya. Na farko, a hutun nan ka zauna da wata tsohuwa ko wani makiyayi, ka ɗauki littafi da biro, ku bi bayan gari, duk shukar da ta yi fure ka tambayi sunanta, da lokacin hudarta, da abin da ake faɗa a kanta, ka rubuta yadda aka furta maka, kada ka gyara shi zuwa Hausar Kano. Sunayen nan suna mutuwa tare da masu su, kuma abin da ba shi da suna ba a jin zafin sare shi. In kowannenmu ya kawo ashirin, fitowa ta gaba ta wannan ɗan littafi za ta zama ƙamus. Na biyu, in an tashi yaɓen masallacin unguwa, ko zauren mai gari, ko ɗakin wata gwauruwa kafin damina, ka tuɓe takalmi ka shiga kwaɓa, kada ka tsaya ɗaukar hoto. Na uku, ka nemi gwangwani, ka huda gindinsa, ka roƙi reshe a wurin mai shi, ka ajiye inda kake alwala. Kariya ba ta da wuyar kamawa, ta fi son a ƙyale ta ta sha rana, ruwa kaɗan ya ishe ta. In ta yi fure, ka sa ta inda mai wucewa zai gani.